Wat Dubu Biyar da Muryar Kakata

A hutun damina na shekarata ta uku a sashen nazarin harsuna, na koma gida Ɗan Kassari da ƙaramar na'urar naɗar murya, domin in tattara bayanan kundina a kan karin harshen Arewa. Ban sha wahalar neman mai ba da bayani ba, don a gidanmu take. Kakata ta wajen uba a wannan yanki aka haife ta, a nan ta tsufa, kuma Hausarta ba ta gauraya da ta rediyo ba. Kwana goma sha biyu muka yi muna zama bayan La'asar. Ta ba ni labarin Sarauniyar Lugu da karonta da sojan Voulet da Chanoine a 1899, kamar yadda ta ji a bakin nata kakannin. Ta ba ni labarin yunwar 1984, wadda mutanenmu ke kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya. Bayan wata bakwai Allah ya yi mata rasuwa, sai abin da na naɗa a matsayin bayanan bincike ya zama gadon gida.

Da Babbar Sallah ta gabato, mahaifina ya ce yana so in dangi sun taru a kunna musu muryar tsohuwa a tsakar gida. Wayar hannu ba za ta wadatar da mutum talatin ba, ga shi kunnensa ya fara nauyi. Sai ni da yayana muka haɗa kuɗi, muka bi hanyar ƙasa mai lamba 1 zuwa Birnin Konni, da niyyar mu sayo abin da za a ji kaka da shi, daga baya kuma yara su riƙa kallon fim.

Tun a bakin rumfa ɗalibin harshe ke fara samun abin rubutawa. Abu ɗaya ne, amma sunansa biyu, gwargwadon hanyar da ya biyo ya iso mu. Wanda ya saba da Illela da Sakkwato zai ce amfilifaya da lasifika, wanda ya yi karatun Faransanci kuwa ya ce ampli da baffle. Mai rumfar yana juya harshe tsakanin biyun ba tare da ya lura ba. Ya jera mana kaya irin na sinimar gida: akwati ɗaya mai ƙarfafa sauti, ƙananan lasifikoki biyar, da wata babba mai fitar da rugugi. A jikin kowane kwali an buga lamba da manyan haruffa, wannan 3000W, wancan 5000W, a gefe kuma da ƙananan haruffa PMPO. Yayana ya ce in za a sayi doki a sayi ingarma. Ni ma ban yi gardama ba. Muka biya jika 45, muka ɗauko mai dubu biyar.

Daren da muka gwada shi ba zan manta ba. Mun fara da wani fim na faɗa, ƙasa ta riƙa girgiza, yaran maƙwabta suka cika ƙofar gida. Sannan na sa muryar kaka. A ƙaramin sauti ba a jin ta daga inda mahaifina ke zaune. Da na murɗa sama, muryar ta kumbura ta dakushe, kamar mai magana daga cikin randa. Mahaifina ya karkato kunne ya ce, “Mi tac ce?” Na maimaita masa. Ya sake tambaya, na sake maimaitawa. A karo na uku ya miƙe ya ɗauki butarsa, ya ce, “Wagga murya ba ta Inna ba ta.” Ban taɓa jin kunya irin ta wannan dare ba, domin ni ne wanda aka ce ya je jami'a karatun sauti.

Washegari na ɗora kayan a mota zuwa Dogon Dutsi, wurin wani dattijo mai gyaran rediyo. Bai ko dubi kwalin ba. Ya juya akwatin ya nuna mini ɗan rubutun da ke kusa da igiyar wuta, inda aka rubuta abin da na'urar ke sha: 60W. Ya ce, “Ɗalibi, tulu ba ya zubo da ruwan da ya fi wanda aka ɗura masa.” Na tsaya ina lissafi a zuci. Batirin solarmu mai bolt 12 ne da amfiya 100, wato abin da yake iya tarawa bai wuce wat 1,200 na awa ɗaya ba. Da na'urar tana jan wat 5,000 da gaske, da ko kwata na awa batirin bai kai ba. Mu kuwa mun kai tsakar dare muna kallo.

Daga bakin wannan dattijo, da abin da na karanta bayan na koma Yamai, na fahimci inda muka zame. Lambar PMPO ba ta da ƙa'idar awo da aka yi ittifaƙi a kanta, kowane kamfani yana iya ƙirga ta yadda ya ga dama. Lambar da ake dogara da ita ita ce wadda ake rubuta wa RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a kai a kai ba tare da sautin ya lalace ba. Ita ma sai an faɗi sharuɗɗanta: ga kowace lasifika ne ko a dunƙule, a kan om nawa, 4 ko 8, kuma da gurɓata kashi nawa cikin ɗari. Wannan ruɗu ba a kasuwanninmu ya fara ba. Tun 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka a kan yadda za a riƙa bayyana ƙarfin amfilifaya, saboda yadda masu talla ke kumbura lambobi. Akwatinmu, da aka raba wat 60 ɗinsa, kaso mafi tsoka ya tafi ga lasifikar rugugi, ƙananan biyar ɗin suka tashi da abin da bai taka kara ya karya ba.

A nan ne darasin furuci da na haddace don jarrabawa ya dawo mini da ma'ana. Mafi yawan kuzarin magana yana cikin wasula, a ƙananan mitoci. Amma abin da ke rarrabe kalma da kalma, musamman baƙaƙe irin su s, sh, ts da c, yana can sama, daga wajen Hz 2,000 zuwa gaba. Lasifikar rugugi aikinta bai wuce ƙasa da Hz 120 ko makamancin haka ba, inda muryar tsohuwa ba ta da abin ajiyewa. Nauyin kunne na tsufa kuwa daga manyan mitoci yake farawa. Ashe mun sayi ƙarfi a inda mahaifina ba ya buƙata, mun rasa shi a inda kunnensa ya gaza. Bugu da ƙari, idan aka matsa wa ƙaramar amfilifaya fiye da iyawarta, sai ta yanke kawunan igiyar sauti. Duk wanda ya taɓa buɗe naɗi mai irin wannan lahani a manhajar Praat ya san kamanninsa: tsaunuka masu tsini sun koma shafaffu. Wannan yankewa tana haifar da hayaniya a manyan mitoci, daidai inda baƙaƙen ke zaune, har takan ƙona ƙaramar lasifika.

Mai sauraren fim ɗin faɗa ba zai damu da wannan ba. Ni kuwa dukan kundina a kan waɗannan ƙananan bambance-bambance ya tsayu. Kakata ba ta cewa dutse, sai dutci, da wancan baƙi mai tunkuɗa da karin harsunan yamma ke furtawa kafin i da e, wanda inuwarsa ta rage a yadda Faransawa suka rubuta Dogondoutchi. Ba ta cewa fari, sai hwari, kuma a bakinta kalma uku ce: ta launi, ta rashin ruwan sama, da ta farkon abu, ba abin da ke raba su sai karin sauti da tsawon wasali. Ba ta cewa ta ce a jimlar dogaro, sai tac ce, da ɗaurin baƙi. Idan na'ura ta haɗiye waɗannan, abin da ya rage Hausa ce ta kowa, ba tata ba. Mahaifina bai san kalmar mita ba, amma hukuncin da ya yanke daidai yake da na kowane masanin furuci.

Na kuma lura cewa harshenmu ma ya taimaka wajen ruɗin. Kalmar ƙarfi muke amfani da ita ga wanda ya ɗaga buhu, ga wutar lantarki, da ga wanda ya yi magana da ƙarfi. Mai rumfa ya ce akwatin yana da ƙarfi, mu muka ji cewa za a ji magana. Alhali abu uku ne daban: wutar da na'ura ke bayarwa, ƙarar da ke isa kunne, da fitar magana tangaran. Dangantakarsu ma ba ta miƙe take ba. Ninka wat sau biyu desibel 3 kacal yake ƙarawa. Kafin kunne ya ji kamar ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma.

Da wannan fahimta na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun farko. Lasifika mai kyau, wadda aka rubuta wa desibel 90, tana ba da wannan ƙara da wat ɗaya tak a nisan mita ɗaya. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka sai a rasa desibel 6. Tsakar gidanmu daga bango zuwa tabarmar ƙarshe mita takwas ce, don haka wat ɗaya zai isa can da desibel 72, wat goma kuma da 82, alhali hira ta yau da kullum wajen 60 take. Sai a bar rara domin inda murya ta tashi farat ɗaya, kamar dariya ko kira. Ashe wat 30 zuwa 40 na gaskiya ga kowace lasifika sun ishe mu har da saura.

Mai rumfar ya karɓi kayansa bayan doguwar magiya, amma sai da muka yi asarar jika 10. Dattijon nan na Dutsi ya samo mana amfilifaya ta hannu mai wat 40 sau biyu, da lasifika biyu masu om 8 waɗanda suka dace da ita. Ba ta da fitilu masu walƙiya, yayana har ya ce ta yi kama da kayan marigayi. Kafin in biya, na yi abin da nake ba duk mai sayen irin wannan kaya shawara ya yi: na ƙi gwajin da kiɗa. Na sa muryar mutum, na ja da baya taki goma, na saurara ko zan rarrabe s da ts, da k da ƙ.

Ranar Sallah da daddare aka shimfiɗa tabarmi. Na kunna, maɓallin bai ko kai rabi ba. Kaka ta fara labarin shekarar da aka ci ganye, gwaggonnina suna gyaɗa kai, wata tana share ido da bakin gyale. Ba wanda ya ce a maimaita. A tsakiyar naɗin akwai wurin da na yi niyyar yankewa tun da daɗewa, don ba shi da amfani ga kundi: ta katse labari ta ɗaga murya ta kira mahaifina, da sunan nan na alkunya da take kiransa da shi kasancewarsa ɗan fari, tana tambaya ko an shayar da awaki. Mahaifina, daga tabarmar ƙarshe, ya amsa, “Na'am, Inna.” Sai da ya amsa ya tuna. Aka yi shiru, ita kuma ta ci gaba da labarinta. Wannan wuri har yau ban yanke shi ba, na ma sa shi a ratayen kundin.