Marabajasa, garin da ke ɗauke da sunanmu a bakin Bandama

Ya ku iyayenmu da 'yan'uwanmu masu karatu, da yawa daga cikinmu an haife mu a Abijan, mun girma tsakanin Barakodi da kasuwar Ajame da Tireshbil, kuma tun muna ƙuruciya muke jin Julawa suna kiranmu Maraba. An ce sunan ya samo asali ne daga gaisuwar da kakanninmu fatake suke yi wa baƙo, har kalmar ta zama sunan mai faɗinta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a tsakiyar wannan ƙasa ta Kodebuwa akwai gari guda da aka raɗa wa wannan suna: Marabajasa, wanda Faransawa ke rubutawa Marabadiassa. A harshen Jula, jasa na nufin shingen itace da ake kewaye sansani da shi, wato kafi. Ke nan fassarar sunan ita ce Kafin Hausa, daidai da sunan wani gari na ƙasar Haɗeja a Nijeriya. Wannan ne ya sa muka ɗaura niyyar zuwa mu gani da idonmu, mu huɗu, tare da ɗan ƙanenmu mai shekara goma sha biyu.

Daga tashar Ajame zuwa Buwake tafiya ta yi sauƙi yanzu, tun da babbar hanyar arewa ta isa Yamusukuro a 2013, ta kuma kai Buwake a 2023. Daga Buwake sai mutum ya sauya ƙaramar mota, ya nufi arewa maso yamma ta Botoro, kan hanyar Mankono. Gonakin doya da itatuwan kashu ne dama da hagu, har a sauka kwarin kogi.

Bandama shi ne kogi mafi tsawo da ya fara ya kuma ƙare a cikin Kodebuwa, kimanin kilomita 1,050, yana zuba a teku a Garan Lahu. Marabajasa na zaune a gaɓarsa, a wurin da ƙasashen al'ummu uku suka yi kusa da juna: Bawule daga kudu, Tagbana na wajen Katiyola daga gabas, da masu jin harsunan Mande na wajen Mankono a ƙetaren ruwa. Duk wanda ya tsaya kan gada ya dubi ko'ina zai gane cewa wanda ya zaɓi wurin nan ya san yaƙi, ya kuma san ciniki.

Mutumin shi ne Mori Ture, wanda ya kafa garin wajen shekarar 1891. Kada a rikita shi da Samori Ture, Bamalinke daga ƙasar Gine, wanda ya rushe Kong a 1897, Faransawa suka kama shi a 1898. Shi Mori asalinsa Bazabarme ne, amma mutanen ƙasa ba su bambanta ba: duk wanda ya fito daga gabas, daga wajen Kwara, Maraba ne a wurinsu, kamar yadda har gobe a Abijan ake kiran Bazabarme da Ba'adare da Bagobiri da suna ɗaya. Kuma ba shi ne farkon zuwa ba. Bature Binger, da ya shiga Kong a 1888, ya tarar da unguwar Hausawa marina mai suna Marabaso. Fataken goro sun daɗe suna bin hanyar Gwanja zuwa Salaga da Bunduku, kuma a wannan zamanin ne Zabarmawan Gazari da Babatu suke kai hare-hare ƙasar Gurunsi.

A nan ne labarin ya yi nauyi, kuma ba mu ga dalilin ɓoye shi ga 'ya'yanmu ba. Mori Ture ba da allo da tawada ya kafa garinsa ba, da dawaki da bindiga ne. Mayaƙansa sun ci ƙauyukan Tagbana, sun kama mutane, an sayar da da yawa daga cikinsu ga Bawule a kudu. Kafin da muke alfahari da sunansa, a wurin wasu kurkuku ne da aka tsare kakanninsu. Mahaifinmu, Allah ya ƙara masa lafiya, da muka gaya masa inda za mu, bai ce komai ba sai ya tuna mana cewa Shehu Ahmadu Baba na Tumbutu ya yi fatawa tun a ƙarni na 17 a kan haramcin bautar da ɗa Musulmi, kuma ko a kan wanda ba Musulmi ba, farautar mutane domin riba ba ita ce jihadi ba. A motar da ta kawo mu daga Buwake akwai wata dattijuwa 'yar Katiyola. Da ta ji muna Hausa, ta tambaye mu ko gida za mu. Muka ce ziyara ce kawai. Ba ta ƙara magana ba, mu ma ba mu san abin da ke ranta ba, amma mun rage murya.

Garin bai girma ba, kuma dalilin a fili yake. Da Faransawa suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Abijan, ta isa Buwake a 1912, ta wuce ta Katiyola, sai ciniki ya bar bakin kogi ya bi dogo. Sau biyu bayan haka aka yi zaton arziki zai dawo. Na farko shi ne madatsar ruwa ta Kosu, da aka gama a 1972, wadda ta tayar da mutum kusan 75,000 daga ƙauyukansu, akasarinsu Bawule, ta kuma haifar da tafkin da kansa na arewa ya miƙo har wajen nan. Tafkin ya jawo masunta Bozo daga Mali, su ne ma'abota kwale-kwalen da muka gani, da karfasa da tarwaɗar da mata ke busarwa da hayaƙi. Na biyu shi ne sukari. A zamanin shugaba Hufuwet Buwanyi, kamfanin gwamnati SODESUCRE ya gina masana'antu shida, ɗaya daga ciki ita ce ta Katiyola da Marabajasa. Farashin sukari ya faɗi a kasuwar duniya, bashi ya yi yawa, aka rufe ta a 1984. Sa'an nan rikicin 2002 ya sanya yankin cikin ɓangaren da ya fita daga hannun gwamnati shekaru da dama. Yau garin mazaunin sufirfe ne a ƙarƙashin Bewumi, kuma ƙidayar 2014 ta nuna duk yankin, da ƙauyukansa, bai kai mutum 10,000 ba. Unguwa guda ta Ajame ta ninka shi.

Ba gari ne na abubuwan kallo ba. Akwai gada, akwai mashaya inda ake wanki da sayen kifi, akwai kasuwa da masallaci da maƙabarta. Kafin itacen kuwa, gara da damina sun gama da shi tuntuni. Mun yi sallar azahar, muka je maƙabarta muka yi addu'a ga Musulmin da ke kwance, sa'an nan aka kai mu gaishe da wani dattijo a ƙofar gidansa.

Muka yi sallama, muka durƙusa, muka ce: "Baba, mun same ku lafiya? Mu baƙi ne daga Abijan." Ya yi murmushi, ya ce "maraba", ya ce "sannu", ya ce "lafiya lau", sai ya koma Julanci. Iyakar abin da ya rage masa ke nan daga harshen da aka san garinsa da shi, ga shi kuwa da rawani da carbi da kamanni irin na kowane tsoho a Dosso ko Gaya. Julancinmu na kasuwa ne, bai isa hira da manya ba. Sai ɗan ƙanenmu, wanda a gida in an yi masa magana da Hausa yakan amsa da Faransanci, ya matso ya zauna tsakaninmu, ya shiga fassara ba tare da gargada ba.

Dattijon ya yi ta ba da labarin dawakin kakanninsa da shekarun rake, yaron yana juya mana da Faransanci, mu kuma muna maimaita wa juna da Hausa. Da za mu tashi, ya riƙe hannun yaron ya tambaye shi wani abu. Muka ce me ya ce? Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce: "Kawu, wai yana tambaya ko ni ma Maraba ne, ko ɗan rakiya kuka ɗauko."