Keke da Mutuncin Ma'aikaci

A Yamai, idan ma'aikacin gwamnati ya zo aiki bisa keke, ɗayan zato biyu ake yi masa: ko bashi ya cinye masa albashi, ko likita ya tsoratar da shi. Shekara huɗu ke nan ina sauraron wannan zance, tun da na jingine babur na koma taka keke daga Harobanda zuwa Filato.

Tafiyar ba ta wuce minti 25. Daɗinta yana kan Gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970, ƙunƙuntar gada da motoci ke cushewa a kanta da safe, mai keke kuwa ya bi gefe ya wuce su ɗaya bayan ɗaya. Da an ƙetare kogi sai hawa ya fara, domin tsakiyar gari a kan tudu take. Wannan hawa shi ne filin horona. Talata da Alhamis nakan taka shi da ƙarfi har numfashi ya hana ni amsa gaisuwa. Sauran ranaku in bi shi sannu, don jiki ya huta, don kuma kada in isa jiƙe da gumi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Zuwa da dawowa na kwana biyar suna ba ni 250, ba tare da na ware wani lokaci ba. Magidanci mai iyali da biki da gaisuwar rasuwa, yaushe zai sami sa'ar zagaya filin wasa?

Akwai kuma batun aljihu. Waɗanda suka ga karyewar darajar sefa a Janairun 1994 sun san yadda albashi ke ƙanƙancewa a dare ɗaya. Da Najeriya ta janye tallafin mai a 2023, ƴan ruwa-ruwa na Maraɗi da Ƙonni suka tsawwala farashi, kuma a Maris na 2025 mun ga dogayen layuka a gidajen mai, duk da matatar Damagaram tana aiki tun 2011. A waɗannan kwanaki ban makara ko sau ɗaya ba. Abin da keke ke ci kuɗin faci ne, sai ɗan man sarƙa.

Masu cewa zafi suna da gaskiyarsu. A watan Afrilu, da ma'auni ke haura 40, mai hankali ya fita da wuri da gorar ruwa da rigar canji. A lokacin hunturu ya rufe hanci da rawani. Amma ni a ganina kunya ce babban shingen. Mun ɗauki keke abin ɗan makaranta da mai tallar burodi, alhali Wagadugu, da zafinta ya kusa namu, mata da dattawa ke cika titunanta da kekuna, har ƙasar tana shirya tseren Tour du Faso tun 1987. Nan kuwa mutum ya gwammace ya ci bashin mota, ya ajiye tumbi, ya riƙa sayen maganin hawan jini duk wata, da a gan shi yana taka feda.

Abin da ke ba ni tsoro na gaske shi ne titi. Rairayi ya cinye gefen kwalta, ɗan taksi yana tsayawa inda fasinja ya ɗaga hannu ba tare da ya duba madubi ba, fitilun wasu unguwanni kuma ba su ci da dare. Saboda haka na sa wa keken fitila gaba da baya, ba na kuma barin magariba ta same ni kan gada. A ma'aikatarmu an yi wa motocin manya rumfa; keke na nan jingine da bishiyar dogon yaro, ɗaure da sarƙa, ni kuma ina wanke fuska a famfon alwala kafin in shiga.