Ranar da aka kira ni lakwal saboda ɗiyata

Ɗan'uwa mai karatu, in an aiko maka da takarda daga lakwal, an ce ka zo a yi magana kan ɗanka, kada ka ɓoye. Ni ma an taɓa aiko mini. Bari in faɗa maka yadda na yi.

Ni manomi ne a ƙasar Sarkin Hausa, cikin gundumar Mayahi. A shekarar 2015 sanƙarau ya yi ɓarna a ƙasarmu Nijar. Ɗiyata tana da shekara 2 ya kama ta. Allah ya ba ta lafiya, amma ciwon ya tafi da jinta. Kunnen hagu ya mutu. Na dama yana ji kaɗan, in ka matso kusa.

Da ta kai shekara 7 na sa ta lakwal. Ba a yi wata biyu ba ta fara ƙin zuwa. Kullum da kuka. Ana nan bayan kaka sai ga takarda: darakta yana son ganina ranar Alhamis.

Gabana ya faɗi. Na ce shi ke nan, za su kore ta. Wani maƙwabci ya ce mini: "Bar ta gida mana. Kurma me za ta yi da boko?" Daren nan ban yi barci ba.

Da asuba na tuna ina da makami. Na yi karatun yaƙi da jahilci, na iya rubutu da Hausa. Na ɗauko kaye da alƙalami. Kwana uku ina shiri.

Da farko na zauna da uwarta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na tambaye ta: me yarinyar nan ta iya? Ta ce ta iya ƙirga awaki. Tana gane magana in ta kalli bakin mutum. In an kira ta ta baya, ba ta waiwayowa. Da dare, in babu fitila, ba ta gane komi. Duk na rubuta.

Sannan na tambayi yarinyar da kanta, da baki da hannu. Ta nuna mini can baya take zama, kusa da ƙofa. Mushe yana magana yana fuskantar allo. Yara suna yi mata dariya in an kira sunanta ba ta amsa ba. Wannan ma na rubuta.

Na nemo karnen likita da aka ba mu tun lokacin ciwon. Ashe yana cikin kwalla, ƙarƙashin zannuwa. Mai karatu, adana takardun ɗanka. Takarda ba ta mantuwa.

Daga nan na je wurin wani dattijo na kwamitin lakwal, wanda muka saba kira COGES. Matambayi ba ya ɓata. Shi ya gaya mini abin da ban sani ba. A shekarar 2006 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsara yarjejeniya kan haƙƙin naƙasassu, Nijar ta amince da ita a 2008. A watan Disamba 2019 kuma ƙasarmu ta yi tata doka a kansu. Ke nan karatun ɗiyata ba alfarma ba ce. Haƙƙinta ne. Ya ce akwai makarantar kurame a Maraɗi, akwai a Damagaram da Yamai, inda ake koyarwa da maganar hannu. Na roƙe shi ya raka ni, ya yarda.

A shafin ƙarshe na rubuta buƙatu huɗu. Ban yi yawa ba, don kada magana ta watse:

1. A zaunar da ita gaba, kunnen dama wajen mushe.
2. Mushe ya dube ta in zai yi magana, kada ya yi ihu.
3. A rubuta aikin gida a allo.
4. A haɗa ta da ƙawa mai haƙuri, su zauna tare.

Ranar Alhamis muka tafi mu uku, ni da uwarta da dattijon. Uwarta ta so ta zauna gida. Na ce a'a, ke kika fi kowa saninta.

Bayan gaisuwa mushe ya ce: "Baba, ɗiyarka ba ta jin magana. Ina kira, tana share ni."

Raina ya ɓaci, amma na danne. Na buɗe kaye, na miƙa karne. Na ce: "Mushe, ba taurin kai ba ne. Kunne ne."

Ya karanta, ya yi shiru. Ya ce: "Wallahi, Baba, ban sani ba. Ajin cike yake, ba wanda ya gaya mini."

Nan kunya ta kama ni. Ranar da na kawo ta, ni ne ban faɗa ba. Na ji tsoron kada a ƙi ɗaukarta. Laifin da na zo ɗora wa wani, ashe rabinsa nawa ne.

Na karanta buƙatuna ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ke cin ko dala. Darakta ya yarda da duka. Ya ce in kai ta a sake duba kunnen, don a san yawan jin da ya rage. Maganar Maraɗi kuwa muka ajiye ta tukuna, don yarinya ƙarama ce, kuma ba mu da ɗan'uwa can. Na roƙa a sa ranar da za mu sake zama. Aka ce bayan wata 3. Na rubuta ranar a gabansu.

Ba zan ce maka komi ya gyaru ba. Faransanci yana ba ta wuya ƙwarai, don baƙon harshe ne, karanta shi a baki sai a hankali. Amma kuka ya ƙare. Lissafi kuwa, ta wuce yara da yawa. Wata rana ta ɗauki kayena, ta rubuta sunana a ƙarƙashin buƙatun nan huɗu.

To, ɗan'uwa, ko ɗanka kurma ne, ko makaho, ko gurgu, ko mai jinkirin ganewa, kada ka je taron lakwal hannu sake. Tambayi uwarsa. Tambayi yaron. Ɗauki takardunsa. Rubuta abin da kake so. In ba ka iya rubutu ba tukuna, nemi wanda ya iya. Kuma ka faɗi gaskiya tun ranar farko, kada ka yi irin tawa.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mushe ya san karatu, kai ka san ɗanka. Allah ya raya mana su.