Littafin Abokan Ciniki

Akwai wata tambaya da samari da 'yan mata su ke yawan yi mini a nan Jos, musamman waɗanda suka gama makaranta suka yi ta neman aiki har takalminsu ya suɗe. Da zarar sun ji cewa ni ɗan jarida ne sai su ce, to Malam, yaya mutum zai yi ya tara jama'a a intanet idan ya fara sana'a alhali ba wanda ya san shi? Abin da su ke nufi da jama'a shi ne mabiya, watau adadin nan da a ke gani a ƙarƙashin sunan mutum a Facebook ko Instagram ko TikTok. Amsar da na ke ba su ba ta cika yi musu daɗi ba, domin na kan ce su fara sayen littafin rubutu mai kauri da biro. Dalilin wannan amsa na ke so in bayyana a wannan mako, amma sai na ɗan koma baya tukuna kafin in zo kan maganar intanet.

Duk wanda ya san Jos kafin shekarar 2002 ya san Babbar Kasuwa ta Terminus. An fara shirin gina ta tun zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, aka kammala ta wajen tsakiyar shekarun 1980, kuma a lokacinta a kan lissafa ta cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana da rumfa a cikinta inda ya ke sayar da atamfa da shadda. Ina yaro na kan je in taya shi zama ranar Asabar, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne littattafansa guda biyu. Na farko littafin bashi ne, wanda kowane ɗan kasuwa ya ke da irinsa. Na biyun kuwa ba kuɗi a ciki ko kwabo. Sunayen mutane ne kawai, da garinsu, da tashar da su ke hawa mota, da irin zanen da su ke so. A gaban sunan wata mata ta Pankshin za ka ga ya rubuta cewa ba ta son ja. A gaban sunan wani tela na Saminaka za ka ga watan da zai aurar da 'yarsa. Maƙwabtansa na rumfa su kan yi masa ba'a, su ce Alhaji ya zama magatakardan alƙali. Shi dai kullum da yamma ya kan sa littattafan a aljihun babbar rigarsa tare da makullai ya tafi da su gida.

A watan Fabrairu na shekarar 2002 wuta ta cinye kasuwar. Dubban 'yan kasuwa suka wayi gari ba rumfa ba kaya, da yawa daga cikinsu suka koma baza haja a bakin titin Ahmadu Bello da kewayen Terminus. Kawu ma bai fita da ko ƙyalle ɗaya ba. Wayar salula kuwa a watan Agusta na 2001 ta shigo Nijeriya, layi kaɗai ya kan kai naira dubu ashirin, saboda haka ba kowa ke da ita ba. Abin da Kawu ya yi shi ne ya zauna a zaure da littafin nan nasa, ya yi ta rubuta 'yan gajerun takardu yana ba direbobin Pankshin da Shendam da Bauchi da Saminaka, yana sanar da mutanensa cewa yana nan da rai, ga kuma inda ya koma. Wasu suka zo jaje suka biya tsohon bashi. Wasu suka ba da kuɗin kaya tun kafin ya saro. Ba zan ce ya koma yadda ya ke a da ba, gama har ya rasu bai sake mallakar rumfa irin waccan ba. Amma ya ci gaba da ciyar da iyalinsa da sana'arsa, alhali kuwa waɗansu maƙwabtansa da suka fi shi jari, waɗanda cinikinsu ya dogara ga mai wucewa ta ƙofar rumfa, sun bar kasuwanci gaba ɗaya. Mutanen da su ke sayar wa kaya shekara da shekaru ba su san sunansu ba, balle inda za su same su.

To, shafin da mutum ya buɗe a Facebook ko Instagram rumfa ce a kasuwar wani. Mai kasuwar shi ke da ƙofa, shi ke da makulli, shi ne kuma ya ke zaɓen wanda zai bi ta gaban rumfarka. Kana iya samun mabiya dubu goma ka sa hoton hajarka, amma kaɗan daga cikinsu za a nuna wa, sai fa in ka biya kuɗin talla. Kuma a cikin shekara ɗaya tak, watau 2021, mun ga irin wannan kasuwa ta rufe har sau uku ta hanyoyi dabam-dabam. A ranar 5 ga Yuni Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, wadda yanzu a ke kira X, ba a kuma buɗe ta ba sai 13 ga Janairu na 2022. A watan Satumba aka katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Sa'an nan a ranar 4 ga Oktoba Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke a duniya baki ɗaya na wajen sa'o'i shida. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da aka shawarci mai sayar da turare ko takalmi kafin a yi.

A farkon wannan shekara ta 2021 ne ƙanwata, wadda ta gama karatu ta zauna a gida shekara biyu, ta ce za ta fara sayar da amfanin gonar Filato ga mutanen Abuja da Kano ta waya. Tunanin nata ba laifi. Sanyin Jos, wadda ke bisa tudu mai tsawon mita dubu da ɗari biyu ko fiye, ya sa a ke noma abin da ba ya yi a yawancin ƙasar nan: dankalin turawa na Bokkos da Mangu da Barkin Ladi, da kabeji da karas da koren wake da a ke jibgewa a kasuwar Farin Gada, da acca, da 'ya'yan itacen nan ja da a ke kira sitiroberi waɗanda a ke nomawa a Chaha kusa da Vom. Abin da ke araha a nan yana tsada a can. Sai dai ba ta da jari, ba ta da shago, kuma ba wanda ya san ta. Ta zo mini da maganar wani yaro da ya ce zai sayar mata da lambobin waya dubu biyar na mutanen Abuja. Na ce mata a'a, na ba ta labarin littafin Kawu, wanda ita ba ta yi wayo ta gani ba.

Ta ce, “Yaya, to ni da wa zan fara?” Na ce ta fara da waɗanda suka san fuskarta. Da muka zauna muka lissafa ƙawayenta na makaranta da suka yi aure a Abuja, da 'yan uwan mahaifinmu na Kano, da matan abokan aikina, ba su kai mutum talatin ba. Ta raina su. Amma ta kira kowace da baki, ba saƙo ba, ta gaya mata abin da za ta fara, ta kuma tambaye ta ko ta yarda a riƙa aiko mata da labarin kaya da farashi sau ɗaya a mako. Waɗanda suka yarda ta rubuta su a littafi: suna, unguwa, lambar waya, adireshin imel ga mai shi, da abin da gidan ya fi ci. Waɗanda suka yi shiru ta ƙyale su.

Wannan neman izini shi ne wurin da matasa suka fi ƙosawa, ni kuwa a ganina shi ne ginshiƙin abin. Mutumin da bai nemi saƙonka ba kallon mai damu ya ke yi maka, ko ma ɗan damfara, kuma a ƙasar da kowa ya taɓa samun saƙon ƙarya na cin gasar da bai shiga ba, ba za a ga laifinsa ba. Yawan ƙorafin jama'a ne ya sa Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta fito da lambar 2442 a shekarar 2016 domin mai waya ya toshe saƙonnin talla. A watan Yuni na 2023 kuma aka sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta ba mutum ikon ya janye yardarsa a duk lokacin da ya ga dama, ya kuma hana a yi amfani da lambarsa wajen talla. Har ita WhatsApp ɗin, idan ka aika saƙo ɗaya ga mutane da yawa a lokaci guda ta hanyar da ta tanada, ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa. Watau lambobi dubu biyar na saye ba su kai darajar mutum talatin da suka ce “to, aiko” ba.

Sauran aikin kuwa daga sana'ata ta jarida na ɗauko mata shi. Jaridar mako-mako ba ta rayuwa sai da alkawarin rana. Tun daga Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka kafa a Zariya a 1939 har zuwa Nigeria Standard da aka kafa a nan Jos a 1972, abin da ke riƙe mai karatu shi ne ya san ranar da takarda za ta fito, ya kuma san zai sami wani abu a ciki da zai amfane shi ko da bai sayi komai daga masu talla ba. Ƙanwata ta zaɓi daren Laraba, domin mai so ya yi oda ranar Alhamis, kaya su hau mota su isa kafin ƙarshen mako. Saƙon nata ba ya wuce layi goma. Ta kan faɗi farashin kwandon dankali a wannan mako da dalilin hawansa ko saukarsa. Da damina, sa'ad da cutar ruɓewar ganye ta kan kama gonakin dankali, ta kan faɗa musu gaskiya cewa kayan bana ba za su jure ajiya ba, kada su sayi da yawa. Ta kan gaya musu bambancin irin Nicola da irin Marabel wajen suya da dafuwa, da yadda a ke wanke acca a raba ta da tsakuwa. Idan lokacin sitiroberi ya wuce ta kan ce ya wuce, ba ta nemo ragowar da ta yi laushi ta aika. Wannan shi ne gyara irin ta kasuwanmu, ɗan ƙarin da mai awo ke zuba wa a bakin mudu, sai dai nata na sani ne ba na hatsi ba.

Ba na so in ruɗi kowa: abin yana da jinkiri ƙwarai. Watanni uku na farko ribarta ba ta wuce kuɗin data da na mota zuwa Farin Gada ba. Akwai makon da ba wanda ya amsa mata ko da “na gode”. Akwai ranar da wani direba ya bar kwandunan tumatir a rana a tasha har suka narke, ta biya matan kuɗinsu daga aljihunta, ta kuma rubuta abin da ya faru a saƙon Laraba mai zuwa ba tare da ɓoye komai ba. Abin mamaki, a wannan mako ne mutum huɗu suka turo mata lambobin maƙwabtansu, da izinin maƙwabtan. Haka littafin ya yi ta ƙaruwa, biyu yau, uku gobe, kowane sabon suna da sunan wanda ya kawo shi a gefensa.

Akwai kuma wani abu da ya shafi Jos musamman, wanda ba na jin daɗin ambatonsa amma ba shi da amfani a ɓoye. Tun rikicin watan Satumba na 2001, da na 2008 da na 2010, garin nan ya rabu unguwa-unguwa, har ya zama akwai mai saye da ba ya jin zai iya shiga unguwar mai sayarwa da yamma, ko da sun shekara ashirin suna ciniki. Manoman da ƙanwata ke saro wa kaya yawancinsu ba addininmu ɗaya ba, ba harshenmu ɗaya ba, su ma suna da shafinsu a bayan littafin. A watan Agusta na 2021, bayan kashe-kashen da aka yi a hanyar Rukuba, gwamnati ta sa dokar hana fita dare da rana a Jos ta Arewa. Ba mota, ba kasuwa. A kwanakin nan ta bi littafin nan suna bayan suna: ta gaya wa na Abuja da Kano cewa kaya ba za su zo ba, ta mayar wa waɗanda suka riga suka biya kuɗinsu, ta kuma kira manoman Bokkos da Vom ta tambayi lafiyar iyalinsu. Da aka sassauta dokar, wata tsohuwa daga cikinsu ce ta fara aiko mata da buhu biyu bashi, ta ce, “'Yata, ki biya in kin sayar.”

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa a guji Facebook da Instagram. Ƙanwata tana da shafi, tana sa hotuna, kuma ta nan ne baƙi da yawa su ke fara ganinta. Amma duk wanda ya yi mata magana a can, da zarar ciniki ya faɗa, ta kan roƙe shi lambarsa da izininsa ta shigar da shi littafi. Yanzu ta mayar da sunayen cikin kwamfuta saboda sun yi yawa, mabiyanta na shafi kuwa har yau ba su kai na yaran da su ke rawa a TikTok ba, kuma hakan ba ya hana ta barci. Na takarda dai tana nan tana cika shi da hannu duk ranar Lahadi, domin waya ta kan faɗa ruwa, a kan kuma fizge ta a Terminus. Yana cikin akwatin mahaifiyarmu, ƙarƙashin zannuwa, tare da takardun gida.