Faifan da ya ƙi magana

A ƙarshen damina wani ɗalibina ya same ni a ofis da tambaya a kan karin harshen Arewa, wato yankin Dogonduci. Yana so ya ji da kunnensa yadda tsofaffi suke furta "munka" da "sunka" cikin zance mai gudana, tunda rubutun boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Na ce ya zauna, ina da abin da ya fi littafi. Na ɗauko fayafayan da na adana tatsuniyoyin wata dattijuwa a kansu lokacin binciken digirina na uku, shekara 15 ke nan. Na sa na farko, na'ura ta yi ta juyi, ta kasa karanta shi. Na biyu ya fara magana, sai ya sarƙe a tsakiyar labarin Gizo da Ƙoƙi. Cikin fayafai 12, huɗu sun tafi. Dattijuwar ta riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙanta. Kaset-kaset na asali kuwa tuni na naɗi wasu abubuwa a kansu, domin na ɗauka faifai ba ya mutuwa.

Faifan CD da ake saye babu komai a kansa yana da wani siririn rini a cikinsa. Hasken leza ne yake ƙona rinin nan ɗigo-ɗigo, ɗigon su zama rubutu. Shi ya sa masu Turanci suke kiran aikin ƙonawa, masu Faransanci kuma sassaƙa. Ni dai naɗa nake cewa, gadon zamanin kaset. Rini kuwa halinsa ɗaya ne, zafi da rana da laima suna cin sa kamar yadda suke koɗar da zane. Nawa fayafayan sun yi shekaru cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin rufin kwano, a garin da zafin Afrilu yake wuce digiri 40. Na kuma rubuta sunayensu da biro, alhali a CD bayanan suna kwance ne dab da fuskar da ake rubutu a kanta.

Da na tashi ceton sauran, sai na zauna na yi lissafi kafin in taka kasuwa. Sautin da ba a matse ba, irin wanda ya dace da nazarin furuci, yana cin wajen megabait 10 a minti ɗaya. CD mai megabait 700 bai fi hirar sa'a ɗaya da ƴan mintoci ba. DVD yana ɗaukar gigabait 4.7, sama da sa'a bakwai ke nan, kuma bayanansa suna tsakanin leda biyu, sun fi tsira daga ƙarzuwa. Blu-ray yana ɗaukar 25, amma na bar shi, domin samun na'urar karanta shi a wurin ɗalibi ko a ɗakin karatu abu ne mai wuya, ajiyar da ba mai iya buɗe ta kuwa ba ta da amfani a gare ni.

Na'urar naɗa ita ce ta fi ba ni wahala. Kwamfutocin hannu na yanzu galibi ba su da gurbin faifai, sai a sayi ta waje mai haɗawa da USB. Siririyar tana da arha da sauƙin ɗauka, amma wuta take sha daga kwamfuta, wani lokacin ba ta ƙoshi. Na zaɓi babba mai nata caja, na haɗa ta da na'urar riƙe wuta, saboda ɗaukewar lantarki a tsakiyar naɗi asarar faifai ce ɗungurum. Na kuma nemi wadda ke da tambarin M-DISC, faifan da babu rini a cikinsa. Masu yin sa suna cewa zai kai shekara 1000. Ban ɗauki maganar ɗan kasuwa ba, abin da na saya shi ne rashin rinin.

Mai shago ya yi ta yaba mini sauri, wai ninki 24. Ni a ninki 4 nake naɗa, in kuma sa manhaja ta sake karanta faifan ta gwada shi da na asali kafin in fitar. Kowace hira kwafi uku gare ta yanzu: ɗaya a faifai a gida, ɗaya a rumbun ajiya na waje a ofis, ɗaya a wurin ƙanena a Maradi. Filashi, wanda muke ce wa kile, na kai-komo ne kawai, ba na lissafa shi.

Sabuwar na'urar ta karanto biyu daga cikin fayafai huɗun nan bayan ta kwana tana fama. Ɗalibin ya ji "sunka" ɗinsa. Sauran biyun suna nan cikin aljihun tebur, a ɗayansu akwai waƙar daka da ban taɓa rubutawa ba.