Ƙamshin Citta a Titin Bompai

Da magariba na bi ta titin Bompai, sai ƙamshin citta da tafarnuwa ya taso daga wani gidan abincin 'yan Sin. Na rage sauri. Tun shekarun 1960 mutanen Hong Kong suka zo Kano da injinan ƙera kwanukan samira, irin waɗanda iyayenmu mata suke jerawa a ɗaki, girkinsu kuma ya biyo su a hankali, kamar yadda na Kwarori ya riga shi. Yau masana'antu da dama a Sharada da Challawa sun yi shiru, 'yan Kantin Kwari ne ke zuwa Guangzhou saro kaya. Ina tunanin ko su ma ƙamshin daddawa suke nema a can idan dare ya yi. A ƙofar wata masana'anta, mai garau-garau tana haɗa kwanukanta.