Hoton Ƙirji a Bakin Zaure

A hutun ƙaramar salla wani matashin likita ɗan asalin Alakos, cikin gundumar Gure ta jihar Damagaram, ya zo ganin gida daga Dakar, inda yake shekara ta uku a karatun ƙwarewa kan hoton cikin jiki, wato abin da mutanen Nijar ke kira radiyo. Jarrabawa na tafe, saboda haka salula ba ta barin hannunsa. Kowace asuba sai ya buɗe Anki, manhajar tambayoyi da ta fito a 2006, ta nuna masa hoton huhu ko na ƙashi, ya faɗi ciwon, sannan ta bayyana amsa. Wanda ya ci sai ta jinkirta shi kwanaki, wanda ya kasa kuwa ta dawo masa da shi nan kusa. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'in farko, kuma maimaitawa daga lokaci zuwa lokaci ke rage ta. Da ya yi wa mahaifinsa wannan bayani, sai tsohon, wanda ya yi karatun allo, ya ce ai tilawa ce aka sanya a na'ura.

Ran nan da hantsi wani dattijo maƙwabci ya yi sallama, ya zaro hoton ƙirjinsa da aka ɗauka a Damagaram, ya ce: "Ɗana, duba mini, tarin nan ya hana ni barci."

Likitan ya ɗaga hoton wajen hasken bakin zaure. Nan take idonsa ya tsaya kan wata inuwa a saman huhun dama, irin wadda ya sha gani a salula. Tilawa ta yi ranarta. Sai dai a nan babu inda zai taɓa amsa ta fito, kuma kuskure ba maki zai rage ba. Ya ajiye hoton ya shiga tambaya: "Baba, wata nawa kuna tarin? Kuna zufa da dare? Kun rame? Jikoki nawa ke kwana ɗakinku?" Babu kati ɗaya a manhajar da ya taɓa yi masa tambayar ƙarshen nan.

Ya bayyana masa cewa hoto kaɗai ba ya tabbatar da tarin fuka, sai an gwada majina. In an same shi, magani wata shida ne, kyauta, amma yanke shi a tsakiya na iya sa ƙwayar cutar ta ƙi jin magani. Ya rubuta takarda zuwa asibitin Gure, ya sa har da jikokin a duba.

Da daren ya koma ga katunansa, domin jarrabawa ba ta jira. Amma daga ranar, duk hoton da ya fito, kafin ya faɗi sunan ciwo sai ya tambayi kansa da wa mai hoton yake kwana, kuma tafiyar awa nawa ce tsakaninsa da magani.